Gabana yana faɗuwa idan zan sa almakashi a sabon fasali

Matashin Tela, Aboabo:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Shekara 6 ke nan ina ɗinki a nan Kumasi, kuma na daɗe ina son in haɗa saƙar kente ta garin Bonwire da aikin aska takwas a wuyan babbar riga ta shadda. Zanen yana cikin littafina tun kafin azumi, amma duk ranar da na shimfiɗa shaddar a tebur, na ja layi da alli, na ɗauki almakashi, sai hannuna ya kama rawa, in ninke ta in mayar. Ina tsoron ɓata kayan mutane, ina kuma tsoron dattawa su ce na taɓa rigar gado. Yaya kuka yi har kuka amince da hannunku?

Tsohon Maɗinki, Asawase:
Wa alaikumus salam, ɗana. Tsoron nan naka yana da dalili, domin shadda ba ta ɓoye kuskure: idan ka farke ɗinki, sawun allura yana nan a jikinta, ita kuwa kente siririyar saƙa ce mai faɗin kimanin inci 4, kuma da zarar ka yanka ta, bakinta zai fara zarewa. Saboda haka kada ka fara da kayan kowa. Ka yanka fasalin a takardar buhun siminti, ka je kasuwar Kejetiya ka sayi yadi mai araha, ka ɗinka rigar sau biyu ko sau uku, har yatsunka su san inda aska ta ƙare, kente ta fara. Ka kuma bi wurin da za ka yanka kenten da ɗinki tukuna, sannan almakashi ya shiga.

Hajiya, Sabon Zango:
Baba ya yi gaskiya, sai dai akwai amanar mai kaya. An taɓa sauya wa maigidana wuyan rigar Sallah ba tare da an tambaye shi ba, kuma aikin ya yi kyau ƙwarai, amma bai sake komawa wurin telan ba. Ƙanena, ka nuna wa mai riga gwajin naka, ya taɓa da hannunsa, ka faɗa masa cewa wannan ne karonka na farko. Idan ya yarda, rabin nauyin ya sauka daga kanka.

Matashin Tela, Aboabo:
Na gode, Baba, na gode, Hajiya. Ranar Asabar zan shiga Kejetiya, kuma rigar gwajin ta farko ni zan sa ta zuwa masallacin Juma'a, in ji abin da dattawan unguwa za su ce.