Wa tsokar bayan cinyarsa ta taɓa yagewa yana tsaka da gudu? Ku zo mu haɗa abin da muka gani

Malamin Wasanni, ƙasar Ringim

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke kula da wasanni a wata sakandare ta ƙauye, muna shirin gasar gidaje ta wannan zangon. Yarana biyu sun kwanta da ciwo iri ɗaya, kuma su ne suka fi kowa gudu a makarantar. Ba a wurin tashi abin ya same su ba, ba kuma tuntuɓe suka yi ba. Sun wuce rabin fili, gudu ya kankama, sai kawai ka ga yaro ya yi tsalle ɗaya, ya dafe bayan cinya, ya koma ɗingishi. Abin da ya ɗaure min kai shi ne ba ma fara gudu sai sun miƙe jiki sosai. Don Allah duk wanda abin ya taɓa samu ya faɗa mana: a ina cikin gudun, me ya ji, me aka yi masa, kuma ya dawo daidai ko bai dawo ba.

Lamba Tara, Gaya

Wa alaikumus salam Malam. Ni a ƙwallo ta same ni, wasan unguwanni na bayan sallah, ana dab da tashi. An cillo min ƙwallo ta saman 'yan baya, na kwasa da iyakar ƙarfina. Wallahi juyawa na yi ina neman wanda ya jefe ni da dutse, na ga babu kowa kusa da ni. A ranar babu abin da ake gani a fatar. Sai bayan kwanaki wurin ya yi baƙi, baƙin ya riƙa gangarowa har bayan gwiwa. Da na daina jin zafi a tafiya aka ce ai na warke, aka sa ni a wasa na gaba. Gudun farko da na yi da gaske ta sake yagewa a daidai inda ta yage, kuma na biyun ya fi na farkon daɗewa nesa ba kusa ba.

Baba Manomi, Maigatari

Ɗana ke rubuta min wannan. Ni ba ɗan wasa ba ne. Ranar Alhamis ce, ranar kasuwarmu, bijimin da na kawo ya fizge igiya ya nufi inda mata ke sayar da nono. Ban san lokacin da na bi shi ba. Taku kaɗan na yi na ji abu ya ce ɓas a ƙarƙashin mazaunina, na zube. Mai ɗori ya laluba, ya ce min tsakani da Allah ƙashi lafiya lau yake, nama ne, ba aikinsa ba ne. An yi min ƙaho, an shafa man zafi. Tafiya ta dawo, amma zama a kan benci ko a bayan babur ya daɗe yana gagarata. Tambayata ga masu ilimi: ƙafar da ke huɗa tun asuba har azahar, ta ɗauki buhun gero, me ya sa ɗan gudun nan ya kayar da ita?

Malama Tsohuwar 'Yar Tsere, Kazaure

Sannu Baba, Allah ya ƙara sauƙi. Ni na yi gudun mita 100 da na miƙa sanda a makarantar kwana ta 'yan mata. Allah ya tsare ni, amma a gabana abin ya sami ƙawata. Ita ce ta ƙarshe a miƙa sanda, wata ta matso ta, sai ta fara zura ƙafa can gaba don ta ƙara faɗin taku, ta kuma sunkuyo da ƙirji tun layin yana da sauran nisa. Taku biyu ta yi a haka ta ƙwalla ƙara. Malamarmu ta wasanni kullum maganarta ɗaya ce: kada ki miƙa ƙafa ki je neman ƙasa, ki buga ta a ƙarƙashinki. Sai da na ga wannan na gane abin da take nufi.

Kuma Malam, kada yaranka su ɗauka ragwanta ce. Usain Bolt da kansa, shahararren ɗan tseren nan na Jamaika, a tserensa na ƙarshe, miƙa sanda a gasar duniya ta Landan a 2017, wannan tsokar ce ta kayar da shi bai kai layi ba.

Mai Gashin Ƙashi, ɗan Birnin Kudu

Malam, Allah ya saka da alheri da ka buɗe wannan zance. Ku lura da abin da ya haɗa labaran nan duka: babu wanda abin ya sama yana tafiya ko yana sassarfa. Sai da gudu ya kai maƙura.

Tsokar bayan cinya ba ɗaya ba ce, uku ne. Sun kafu a ƙashin da muke zama a kansa, suka gangaro suka tsallake gwiwa suka kama ƙasusuwan ƙwauri. Gaɓa biyu ke nan a wuyansu, ƙugu da gwiwa. Wadda ke ta gefen waje ita ta fi yagewa a wurin masu gudu.

Yawancin mutane suna zaton lokacin da ƙafa ta tura ƙasa ne ɓarnar ke faruwa. Akasarin masu bincike sun fi karkata ga cewa ƙafar tana sama ne. Cinya ta ɗago gaba, ƙwauri ya wurgu gaba da ƙarfin gaske, saura ƙiris ƙafa ta sauka. A wannan ɗan lokacin tsokar tana miƙe ta sama da ta ƙasa, kuma a nan ne ake so ta tare ƙwaurin ta dawo da shi. Tana ja, ana janta. Duk wanda guga cike da ruwa ya taɓa suɓuce masa a rijiya, ya cafke igiyar don ya tsayar da shi, ya san wannan fizgar ta fi jawo gugan wuya a hannu. To haka tsokar ke sha a kowane taku, sau huɗu ko biyar a daƙiƙa ɗaya idan ka haɗa ƙafafun biyu. Gwargwadon saurinka, gwargwadon fizgar. Shi ya sa yaran da suka fi gudu su ne a bakin haɗari.

Ƙawar Malama ta haɗa abu biyu a lokaci guda. Zura ƙafa gaba yana ja tsokar ta ƙasa, sunkuyo da ƙirji yana karkato ƙugu ya ja ta ta sama. Lamba Tara kuwa gajiya ce ta taimaka, don an daɗe da lura cewa a ƙwallo wannan rauni ya fi yawa a ƙarshen kowane rabin lokaci.

Baba, ranka ya daɗe, ƙafarka ba rarrauna ba ce. A cikin tsoka akwai zaruruwa masu jimiri, waɗanda ke aiki a hankali su daɗe ba su gaji ba, akwai kuma masu fizga, masu ƙarfi nan take amma su gaji da wuri. Noma na farkon yake ginawa. Tare ƙwauri a guje kuwa aiki ne daban, wanda wataƙila ƙafar ta yi shekaru ba ta yi ba, ga kuma girma. Zafin da kake ji idan ka zauna yana nuna raunin can sama yake, inda jijiyar ta kama ƙashi, kuma irin wannan ya fi na tsakiyar nama jinkirin warkewa.

Malam, miƙa jiki a tsaye ba laifi ba ne, amma ba ya ba tsoka ƙarfin tarewa. Akwai atisayen da ake kira Nodik. Yaro ya durƙusa a kan tabarma ko buhu, wani ya danne masa idon sawu, shi kuma ya riƙa tafiya gaba a hankali, ƙugu a miƙe ba a lanƙwashe ba, yana hana kansa faɗuwa har sai ya kasa, sannan ya tare da tafin hannu. Da aka tattara binciken da aka yi a kansa, an ga yana rage wannan rauni da kusan rabi a wurin masu yinsa a kai a kai. Yana cikin shirin ɗumama jiki na FIFA 11+. Ba ya buƙatar ko sisin kwabo.

Ɗan Kasuwa, Ɗambatta

Likita, ban ƙi taka ba, amma ni na fi zargin sanyi. Tawa da safe ta same ni a tsakiyar hunturu, muna tsere da abokai bayan sallar asuba, jiki duk a ƙage. Ban taɓa ganin ta kama wani da la'asar a bazara ba.

Lamba Tara, Gaya

Yaya, tawa da la'asar ce, gumi na ɗiga daga rigata.

Mai Gashin Ƙashi, ɗan Birnin Kudu

Ku duka biyun kuna da gaskiya. Tsoka mai sanyi ba ta saurin amsawa, don haka a hunturu ɗumama jiki ya kamata ya fi tsawo: sassarfa har gumi ya tsatso, ɗaga gwiwa, sannan gajerun gudu ana ƙara sauri kaɗan-kaɗan kafin a saki jiki gaba ɗaya. Amma ɗumi kaɗai ba ya kare tsokar da ba ta da ƙarfi.

Mai Horar da Yara, ƙasar Gumel

Ni abin da na lura da shi a wajenmu ƙasa ce. Filinmu rairayi ne, ƙafa na nutsewa, yaro ba ya taɓa kai ainihin saurinsa komai ƙoƙarinsa. Ranar gasa sai a kai su fili mai tauri, a ba wasu aron kambas, ga jama'a ga kiɗa ga usur. Ranar ce karon farko da ƙafar za ta ga wannan saurin, kuma ranar nake ganin suna dafe cinya. Yanzu kowane mako ina kai su wani fegi mai tauri a bayan gari su yi gajerun gudu da cikakken sauri, su huta sosai tsakani, ba wai ina kora su a gajiye ba. Tun da muka fara haka abin ya yi sauƙi a wurina. Rairayin ban bar shi ba, yana da amfaninsa wajen ƙarfin tashi.

Ɗalibi, Wudil

Malamai, ina da tambaya. Lokacin da Bolt ya yi gudun mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a birnin Balin na Jamus a 2009, taku 41 ya yi, sauran kuma sun fi haka. Tsakanin mita 60 da 80 saurinsa ya haura kilomita 44 a awa. Idan faɗin taku ne sirrin, ya za a ce kada mu miƙa ƙafa? Ni na gwada faɗaɗa takuna, bayan cinyata ya riƙa ɗaurewa, lokacina kuma bai ragu ba.

Malama Tsohuwar 'Yar Tsere, Kazaure

Ƙanena, tsawon Bolt mita 1.95 ne, ka fara sa wannan a lissafi. Sannan faɗin takunsa ba daga miƙa ƙafa ya zo ba, daga ƙarfin da yake dukan ƙasa ne, wanda ke cilla shi gaba a iska. Wani mai bincike, Peter Weyand, da abokan aikinsa sun nuna haka a binciken da suka fitar a 2000: masu gudu sosai da masu matsakaicin gudu kusan lokaci ɗaya suke ɗauka wajen juyo da ƙafa a sama, bambancin yana ga ƙarfin da suke zuba wa ƙasa a ɗan lokacin da suka taɓa ta. Manyan 'yan tsere ba sa cika kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a ƙasa. Tsokar mazaunai ce ke dankaro cinya ƙasa, sha-raɓa da agara su riƙe idon sawu ya yi tauri kada dunduniya ta zube, agarar ta miƙe ta dawo da ƙarfin da ta ajiye. Idan ƙafarka ta sauka can gabanka kuwa, birki kake taka wa kanka a kowane taku. Ka kuma duba hannuwanka. Daga kafaɗa ake kaɗa su, gaba da baya, kada su riƙa gitta ƙirji, kuma kada ka cije baki ka ɗaure wuya.

Mahaifin Yaro, Sumaila

Malam, ina roƙonka ka karanta nawa da kyau tunda yara ne a hannunka. Ɗana yana aji uku na ƙaramar sakandare abin ya same shi a tseren makaranta. Kowa ya ce nama ne, aka yi ta gasa masa da ruwan zafi ana murzawa. Yaro ya kasa zama a kan ɓangaren, ko sallah a tsaye yake yi ya kasa ruku'u. Da muka kai shi Asibitin Ƙashi na Dala aka ɗauki hoto, sai ga shi tsokar ta fizgo ɗan ɓallin ƙashi daga inda ta kafu. Likitan ya ce a wannan shekarun wurin bai gama ƙwari ba, shi ya sa ƙashin ke riga naman sakewa. Ba a yi masa aiki ba, sanda aka ba shi da hutu da atisaye, kuma alhamdu lillahi yanzu yana gudu. Amma har yau idan na tuna murzar da aka yi masa raina yana ɓaci.

Malamin Wasanni, ƙasar Ringim

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Alhaji, maganarka ta tayar min da hankali, don ɗaya daga cikin yaran a karkace yake zama a aji. Yau zan je wurin mahaifinsa. Likita, ɗayan kuma yana tafiya lafiya, yana ta roƙona in bar shi ya yi wa gidansu gudu. Da me zan gane ya isa?

Mai Gashin Ƙashi, ɗan Birnin Kudu

Mai zaman karkacen a kai shi hoto, kada a jira. Haka duk wanda ya kasa taka ƙafar, ko aka ji rami a cikin naman, ko ƙafar ke masa dindiris.

Ɗayan kuma, tafiya ba ma'auni ba ce, labarin Lamba Tara ya ishe mu. Ka kwantar da shi rub da ciki ka danna wurin da yatsa, kada ya ji zafi. Ya lanƙwasa gwiwa kana tare dunduniyar da hannunka, ƙarfin ya zo daidai da na lafiyayyar ƙafar, musamman idan ƙafar ta kusa miƙewa. Ya kwanta rigingine ka ɗaga ƙafar a miƙe, ta kai inda ɗayar ke kaiwa. Idan ya tsallake waɗannan, sai sassarfa, sai rabin sauri, sai kashi uku cikin huɗu, kowanne a ranarsa daban, kana duba yadda ya kwana. Sai ya yi cikakken gudu a atisaye fiye da sau ɗaya ba tare da ya ji ko ɗan ja ba sannan ka rubuta sunansa. Wanda ta taɓa yage masa shi ya fi kowa haɗarin ta sake, musamman a makonnin farko na dawowa. Ranar gasar kuma ka tanadi ƙanƙara ko fiyawata mai sanyi a cikin kula, da bandeji. Idan wani ya dafe cinya, a naɗe ƙanƙarar a tsumma a ɗora kamar minti 15, a ɗaure, kuma kada a bar kowa ya murza ko ya gasa wurin a kwana biyun farko.