Waɗanda suka bar boksin suka koma muay thai, ko suka yi akasin haka: yaya gwajinku na farko ya kasance?

Bahago:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so waɗanda suka ɗanɗana duka biyun su faɗa mana abin da jikinsu ya gani, ba abin da suka kalla a bidiyo ba. Bari in fara da kaina. Shekara shida ina boksin kafin na shiga muay thai, wato damben ƙasar Tailan da ake haɗa naushi da shuri da gwiwa. Bayan mako uku ina dukan buhu, koci ya haɗa ni gwaji da wani yaro da ko kusa bai kai ni nauyi ba. Na tsaya yadda na saba, kafaɗa ɗaya a gaba, ƙafar gaba ta yi nisa, nauyina a kanta don naushin gaba ya fita da sauri. Yaron ko kallon hannuna bai yi ba. Da na taka zan kai naushi, sai ya ɗora ƙwaurinsa a cinyata. A hankali yake yi, don gwaji ne, amma a na biyar ƙafar ta daina jin magana. A turmi na biyu na sunkuya in goce wa naushinsa, abin da na yi sau dubu a boksin, sai ga gwiwarsa a gaban hancina. Shi ya tsayar da ita da kansa. Koci ya ce mini a nan ba a kai fuska ƙasa. Na koma gida ina ɗingishi, kuma na gane cewa tsayuwar da nake taƙama da ita an gina ta ne bisa alkawarin cewa ba mai taɓa ni daga ƙugu zuwa ƙasa.

Doguwa:
Wa'alaikumus salam. Ni ta ɗaya ƙofar na shigo. Shekara huɗu ina muay thai, sai na ce bari in je in gyara hannuna wajen 'yan boksin. Wallahi ranar farko ji na yi kamar an cire wa ɗakina ƙofa. A muay thai, duk wadda ta matso sai in tokare ta da tafin ƙafa a ciki, abin da 'yan Tailan ke kira tip, in ta kutso kuma in cakumi wuyanta in sa gwiwa. To ranar babu ko ɗaya. Wadda aka haɗa mu gajera ce, ta shigo ƙarƙashin hannuna, ta ba ni biyu a haƙarƙari ɗaya a haɓa, kafin in juyo ta koma gefena. Ni kuma ina tsaye ƙiƙam, kai wuri ɗaya, ƙirji a buɗe, hannu a sama, kamar yadda aka koya mini. Abin da ya fi damuna, duk sanda ta rage tsawo zan ga ƙafata ta gaba ta ɗaga da kanta don tare shurin da ba zai zo ba, sai ta same ni a kan ƙafa ɗaya. Da na kama wuyanta, koci ya raba mu. Sai da na yi kusan wata biyar kafin kaina ya fara motsi.

Tsohon Koci:
Ku biyun abu ɗaya kuka faɗa. Na horar da mutane a duka wasannin, kuma ban taɓa ganin wanda ya sauya bai sha irin wannan ba. Dokar boksin ta zamani ta samo asali daga ƙa'idojin Queensberry da aka wallafa a Ingila a 1867. Su suka kawo safar hannu, turmi na minti uku da hutun minti ɗaya, suka kuma hana kokawa da runguma. Tunda makami biyu kaɗai aka bar wa ɗan boksin, sai ya zuba duk basirarsa a kansu da takun ƙafa da motsin kai. Shi ɗan muay thai takwas yake tsaro: dunƙule biyu, gwiwar hannu biyu, gwiwar ƙafa biyu, ƙwauri biyu. Dole ya tsaya a miƙe, ƙugu na fuskantar abokin karawa, ƙafar gaba ba nauyi don ta tashi ta tare shuri.

Amma in za a tambaye ni wa ya fi saurin sabawa da gidan ɗan'uwansa, zan ce ɗan muay thai ne. Saensak Muangsurin ya bar muay thai ya ci kambun duniya na hukumar boksin ta WBC a 1975, a wasansa na uku kacal na boksin. Samart Payakaroon, bayan ya riƙe kambun Lumpinee, babban filin muay thai na Bankok, a ajin nauyi huɗu, ya doke Lupe Pintor a 1986 ya karɓi na WBC. Khaosai Galaxy ya kare kambun hukumar boksin ta WBA sau 19. Somluck Kamsing shi ya fara kai wa Tailan zinaren Olamfik, a boksin, a Atlanta 1996. Duk daga muay thai suka fito. Rage makami ya fi ƙara makami sauƙi, musamman in ƙwaurinka bai taɓa haɗuwa da ƙashi ba.

Guduma:
Malam, da girmamawa, akwai gyara a nan. Waɗannan da ka lissafa tun suna yara ƙanana suke faɗa a gaban jama'a, sun yi wasanni masu yawa kafin su sa takalmin boksin. Ba muay thai kaɗai ya kai su ba, har da sabo da fili. Kuma Samart ɗin da ya haɗu da Jeff Fenech a Ostireliya a 1987, ai a turmi na huɗu aka gama da shi. Ni a nawa gwajin na farko, bayan na sha shuri uku sai na daina tsayawa a nesa, na manne wa mutumin. Daga nan hannuna ya fara aiki, don da yawa daga cikin 'yan muay thai ba su saba a jero musu naushi huɗu ba. Ramon Dekkers na ƙasar Holan haka ya riƙa yi wa 'yan Tailan a shekarun 1990, naushi mai nauyi sannan ya rufe da shuri a cinya.

Tsohon Koci:
Gaskiyarka game da sabo da fili. Sai dai Dekkers ya iya shuri ya iya tarewa, ba ɗan boksin zalla ba ne, kuma duk da haka ya sha rasa wasa da maki a Tailan. Da ka manne wa naka, bai kama wuyanka ba?

Guduma:
Ya kama, Malam. A turmi na uku ya juya ni ya kayar sau biyu. Wuyana ya yi kwana huɗu yana ciwo.

Matafiyi:
Maganar maki ce ta sa zan sa baki. Na yi wata biyu a wani sansanin horo a Bankok, bayan shekara uku ina boksin. Gudu da asuba, sai turmi biyar na dukan kushin da mai horarwa ke riƙewa, da yamma a maimaita, a rufe da rabin awa na cakumar wuya. Wannan rabin awar ita ce azabar. Yara 'yan shekara sha biyar suna jefa ni ƙasa yadda suka ga dama, ba da ƙarfi ba, da sanin lokacin da nauyina ya koma ƙafa ɗaya. A gwajina na farko na tabbata ni na yi nasara, don na sami fuskar mutumin fiye da sau goma. Mai horarwar ya girgiza kai, ya nuna hannuna da ya yi ja. Duk shurin da na tare da damtse, a wurinsu ya shiga lissafi. Naushi kuwa sai ya girgiza mutum a fili kafin su ɗauke shi da muhimmanci.

Ban fahimci wannan sosai ba sai da na je kallo a Rajadamnern, filin muay thai na Bankok da aka buɗe tun 1945. Wasannin da na gani turmi biyar ne, minti uku-uku, hutu minti biyu. Kafin a fara kowa ya yi rawar girmama malaminsa da igiyar mongkon a kansa, makaɗa na busa suna kiɗa har wasan ya ƙare. Turmin farko kamar ba faɗa ake ba, auna juna kawai suke. A na uku da na huɗu wuta ke tashi, kuma wanda ya tsaya daram bai tangaɗi ba shi ake gani a gaba. Ni da na saba da boksin, inda kowane turmi da makinsa kuma wasan kambu ke kai turmi 12, sai na ga ashe har numfashin wasannin biyu ba ɗaya ba ne.

Ƙwauri:
A taƙaice, nawa ciwo ne. Na tare shuri ƙashi da ƙashi ba tare da kariyar ƙwauri ba, mako biyu ban taka da kyau ba. Duk ɗan boksin da ke raina dukan ƙafa ya nemi karawar Muhammad Ali da Antonio Inoki a Tokiyo a 1976. Inoki ɗan kokawa ne, yana kwance a ƙasa yake harbin ƙafafun Ali har turmi 15, aka tashi canjaras, amma Ali ya ƙare da gudan jini a ƙafa.

Doguwa:
Ni kuma ciwon da ya fi tsorata ni na boksin ne. A muay thai dukan yana rarrabuwa, cinya ta sha, haƙarƙari ya sha, damtse ya sha. A boksin kusan komai kai yake nema. Sau biyu na dawo daga gwaji da ciwon kai da ya kwana, daga nan na gaya wa koci gwaji mai ƙarfi sau ɗaya a wata zan riƙa yi, sauran a taɓa a hankali. Don Allah duk wanda ya ji jiri ko amai bayan duka a kai, ya ga likita, kada ya koma washegari.

Bahago:
Na gode ƙwarai, jama'a. Yanzu wata na takwas ke nan. Na rage faɗin tsayuwata, na mayar da nauyi baya, kuma ina tare shuri uku cikin biyar in na ƙirga. Na daina sunkuyawa, gocewa kaɗan nake da kai, sannan in mayar da naushin hagu daidai lokacin da mutum ya ɗaga ƙafa zai yi shuri, don a lokacin ba shi da gindin tsayuwa. Cakumar wuya ce har yanzu ta gagare ni. Matafiyi, da yaran nan suka riƙe ka, ta ciki kake cusa hannu ko ta waje? Gobe da yamma muna da ita.