Musayar waƙa: wa ya cire murfin tafkin Nyos?

Na-Garwa

Salamu alaikum 'yan zaure. Damina ta yi tsaka, bari in tono tsohon zance: daren 21 ga Agusta 1986, a tafkin Nyos na ƙasar Kamaru. Mai amsa ya amsa da baiti.

Bismillahi na buɗe zaure,
Da sunan wanda bai yi barci ba.
Daren Alhamis a ƙasar Wum,
Tafki ya yi gyatsa, bai yi sallama ba.
Babu wuta, babu harsashi,
Bukkoki na tsaye, ba su faɗi ba.
Mutum 1,746 suka kwanta,
Barcin da ba su farka ba.
Shanu kwance kamar an jera,
Ko ƙuda bai sauka kansu ba.
Ungulu mai jiran mushe,
Ta faɗo, ba ta kai ga ci ba.
To masu baki, ga tambayata,
Me ya kashe su, bai zub da jini ba?

Ɗan Kusiri

Malam Na-Garwa ka makara,
Tambayarka ta sha amsawa.
Ramin tsohon dutsen wuta ne,
Ruwa ya cika shi da daɗewa.
Iska na tsattsafowa ta ƙasa,
Ruwan gindi yana shanyewa.
Zurfi ya haura mita 200,
Nauyin sama yana dannewa.
Kamar kwalbar lemo da murfi,
Girgiza ka buɗe, ka ga fesowa.
Ta fi iskar shaƙa nauyi,
Kwari take bi tana malalowa.
Nyos da Cha, ta wuce har Subum,
Sai na kan tudu ke kuɓucewa.

Iskar CO2 ce, Malam, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi. Ba ta da launi, kuma nauyinta ya kai na iskar da muke shaƙa sau ɗaya da rabi, shi ya sa take bin gangare kamar ruwa. In ta kai kashi 10 cikin 100 a wuri, mutum kan suma cikin 'yan mintoci. Ta yi kisa har nisan kusan kilomita 25, shanu wajen 3,500, galibinsu na Fulani makiyaya.

Goggon Marwa

Ayyururi! Allah ya yi maka albarka, ɗana. Mu na arewa ƙurya ba a kawo mana wargi.

Ɗana ka kai shi ƙasa da baiti,
Na-Garwa tashi ka kaɗe riga.
Zafin garinku ya dafa tunani,
Je ka Binuwai ka ɗan jiƙa.

Na-Garwa

Goggo riƙe guɗarki tukuna,
Waliyyai ba su ɗaura ba.
Mu da Binuwai muke alfahari,
Naku kogin bai kai bazara ba.
Yaro ya ce kwalba da murfi,
Wanda ya buɗe, bai faɗa ba.
Shekaru iska na kwance a gindi,
Don me ba ta tashi tun da ba?
Wasu sun ce gefen dutse ya zabtare,
Dare ne, ido bai shaida ba.
Wasu sun ce ruwan sama mai sanyi
Ya nutse ya dama, ba su tabbatar ba.
Tazieff ya ce wuta ce a ƙarƙashi,
Abokan aikinsa ba su yarda ba.

A Maris 1987 masana suka taru a Yawunde kan wannan. Haroun Tazieff, masanin duwatsu masu aman wuta na Faransa, da mutanensa suka tsaya kan cewa dutsen ne ya yi aman ƙasa. Mafi yawa suka ce a'a, iskar ta daɗe a narke cikin ruwan, hujjarsu kuwa ita ce ruwan gindi bai yi zafi ba, kuma ba a sami ƙibiritu, wato farar wuta, da aman dutse ke bari ba. An dai ga tafkin ya ragu da kusan mita 1, samansa ya koma ja saboda ƙarfen da ya taso ya haɗu da iska ya yi tsatsa. Wuƙar da ta yi yanka an gane ta, ƙanena. Hannun da ya zare ta nake tambaya.

Kawu Ngaundere

Kun tsallake yaya kun kama ƙane,
Monoun ta riga Nyos farawa.
Kusa da Fumbot, mutum 37,
Da yawa kan hanya, suna wucewa.
Ita ma a Agusta ta tashi,
Mai hankali ya yi lurawa.

Tafkin Monoun ke nan, 15 ga Agusta 1984, wata huɗu bayan yunƙurin juyin mulkin Afrilu a Kamaru, don haka da fari aka yi zaton aikin maƙiya ne. Haraldur Sigurdsson, wani masanin duwatsu masu aman wuta, ne ya auna ruwan ya ce iskar daga gindin tafkin take. A Agusta saman ruwa ya fi sanyi, ruwa mai sanyi ya fi nauyi, to murfin ya yi sako-sako ke nan. Wannan na taimakon masu batun ruwan sama. Amma tafki biyu ba sa yanke hukunci.

Alaramma Mai-Aruli

Ku dakata. Ni ban shiga batun iska ba, ɗango nake dubawa. Malam Na-Garwa, "Shanu kwance kamar an jera" gaɓa 9 ne. Yanzu karanta na lissafinka da baki: mutum dubu ɗaya da ɗari bakwai da arba'in da shida suka kwanta. Gaɓa 22! Wannan ɗango ne ko rasit? Sannan amsa-amon "ba" kowa na iya shi, ka kore magana kawai ka huta. Hajiya ta Marwa kuwa ta haɗa "riga" da "jiƙa", alhali ga daban, ƙa daban.

Waƙa awo ce kamar ta tela,
Hannu guda ba ya zarcewa.
Kai ka ɗinka riga mai hannu biyu,
Ɗaya na jan ƙasa yana sharewa.

Na-Garwa

Alaramma kana ƙirga gaɓoɓi,
Ni ko gawa nake ƙirgawa.
Wa zan cire cikin mamatan,
Don ɗangonka ya sami zaunawa?

Goggon Marwa

Yau kam na bi Garwa. Alaramma, kunnenka ne ya toshe.

Malama 'Yar Gidar

Gafarta Alaramma, da girmanka. Aruli ba ƙidayar gaɓa ba ne, nauyinta ake dubawa, doguwa da gajera, da yadda suke jeruwa cikin ƙafa. Ɗango biyu na iya zama gaɓa 9 kowanne, ɗaya na tafiya ɗaya na ɗingishi. Kai ma "Kai ka ɗinka riga mai hannu biyu" ya fi ɗan'uwansa na farko tsawo. Amsa-amon "ba" kuma magabata sun gina dogayen waƙoƙin wa'azi a kansa, ba wanda ya ce musu malalata. Inda na bi ka ɗaya ne: lamba a bar ta a zube, kada a cusa ta a baiti.

Alaramma Mai-Aruli

Malama, ɗalibi kan gyara malami, amma ba a tsakar kasuwa ba.

Ɗan Kusiri

Ni dai mita 200 ɗina ta wuce lafiya, ba wanda ya tare ta a shinge.

Mai-Tirela

Kuna ta gaɓa kuna ta iska,
Gaskiya na can kun ƙi taɓawa.
A tasha kowa ya san zancen,
Bom aka gwada, ana ɓoyewa.
In ba haka ba, me ya kawo Peres
Da likitocinsa, kan a gama binnewa?

Kawu Ngaundere

Direba, tasha ba makaranta ba ce,
Labarin shayi ka ke kwasowa.
Bom na barin guba a ƙasa,
Na'ura na nan mai ganowa.
Waɗanda suka suma sun farka,
Fitilunsu ne ke ta macewa.
In kana son ka ga bom ɗin naka,
Yana bakin bututu yana fesowa.

Shimon Peres, firaministan Isra'ila na lokacin, ya iso Yawunde kwanaki kaɗan bayan abin, ziyarar maido da hulɗa ce da aka riga aka shirya, ya taho da likitoci. Daga nan jita-jitar ta samo ƙafa. Amma iskar ba ta ƙare ba, an ci gaba da auno ta a gindin tafkin, har aka sa mata bututu. Ga yadda yake aiki: dogon bututun roba ne, kansa ɗaure a kan wani dandamali mai yawo bisa ruwa, gindinsa ya sauka kusan mita 200. Da fari famfo ke jawo ruwa. Ruwan na hawa nauyin da ke kansa na raguwa, sai iskar ta fara kumfa, kumfar ta sa ruwan cikin bututu ya fi na waje sauƙi, sai ya riƙa tura kansa. Daga nan a kashe famfo, feshin na tashi sama da mita 40 ba fetur ba lantarki. Na farko a Nyos an sa shi 2001, ƙarƙashin Michel Halbwachs, wani masani ɗan Faransa. Guda ɗaya ya yi kaɗan, don ƙasa na ƙara zubo wata, sai a 2011 aka ƙara biyu. Monoun ta sami nata a 2003.

Mai-Tirela

To na ji. Amma Bature ba ya kashe kuɗinsa a banza.

Malama 'Yar Gidar

Mutanen Najeriya ma sun kashe nasu. Bakin tafkin ta arewa bangon tokar dutse ne mai zaizayewa. Da zai fashe, ruwan zai bi kogin Katsina-Ala ya faɗa jihohin Taraba da Binuwai, dalilin gina madatsar Kashimbila ke nan.

Baba Mai-Rijiya

Ku yi haƙuri 'ya'yana, kwana biyu ba caji. Na karanta duka. Kuna ta Wum, ga Nyos a bayan ɗakinku.

Tsohuwar rijiya ƙaramin tafki ce,
Iskar nan a gindi take taruwa.
Kafin ka shiga, ɗaura fitila,
Zura ta a igiya tana ci da wuta.
In ta mace kafin ta kai ruwa,
Kai ma haka za ka yi, ɗan'uwa.
Sari reshe mai ganye da yawa,
Zura ka jawo, kana maimaitawa.
Sake gwada fitila ta biyu,
Sai ta ci a gindi ake sauka.
Igiya a ƙirji ƙarƙashin hammata,
Ƙarti biyu a sama suna riƙewa.
In na ciki ya yi shiru, jawo shi,
Kar ka bi shi, haka ake jeruwa.

Shi ya sa kuke jin an ciro mutum uku a rijiya ɗaya a ce aljanu. Na farko iska ta kayar, na biyu da na uku tausayi ya kai su. Iskar da ke rayar da mu kashi 21 ce cikin 100 a sarari, wutar fitila kan mutu in ta sauko wajen 16 ko 17, sai dai fitila na iya ci alhali iskar ramin ta isa ta kayar da mutum. Kada a yi wannan gwaji a ramin masai, can akwai iska mai kamawa da wuta. Injin ban-ruwa mai fetur kuma ba a saukar da shi cikin rijiya ko da wasa.

Ɗan Kusiri

Baba na gaishe ka da igiya,
Sai dai fitila na da iyakarta.
Gawayi a ɗaki lokacin hunturu,
Wata iska ce, ba 'yar'uwarta.
Ita fitila na ci lafiya lau,
Mai ɗaki na mutuwa a gefenta.

Ta gawayi da janareta CO ce, wata iska mai guba dabam da CO2. Ba ta korar iskar ɗaki, jini take kamawa, kuma kamunta ya fi na iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Alamarta: 'yan ɗaki duka su tashi da ciwon kai, jiri da amai lokaci guda. A buɗe ƙofa, a fitar da su sarari, a kai asibiti a sa musu iskar numfashi. Madara da manja ba sa cire ta. Kaskon wuta a fitar da shi kafin a kwanta, janareta a waje nesa da taga.

Alaramma Mai-Aruli

Baba Mai-Rijiya ya fara da "wa", ya koma "ta", ya faɗa "ka". Don furfura na yi shiru.

Baba Mai-Rijiya

Shirun naka ya yi ƙara, Alaramma.

Na-Njamena

'Yan Kamaru kuna da tafki,
Naku aƙalla an ga gawa.
Mu namu malamin lissafi ne,
Daga gida aka zo ɗaukewa.
Ibni Umar, ina kabarinsa?
Iska ba ta sa kaki, 'yan'uwa.

3 ga Fabrairu 2008, bayan 'yan tawaye sun janye daga tsakiyar Njamena, masu kakin soja suka ɗauki Ibni Oumar Mahamat Saleh, jagoran 'yan adawa a Chadi. Har yau ba shi ba gawarsa.

Mai Zaure

Allah ya ji ƙan na ƙasa, ya bayyana na ɓoye. Yaya Na-Njamena, ka san dokar zaure kan siyasa. Na bar baitin don ya yi kyau, amma kada a ɗora.

Goggon Marwa

Ba don daga hayin kogin Logon yake ba da tuni an goge. Mai Zaure ma da nasa.

Na-Garwa

Kawu ya ba ni bututu da famfo,
Baba ya ba ni igiya, ban roƙa ba.
Direba ya ba ni bom na tasha,
Alaramma tela bai gama awo ba.
Ɗan Kusiri, ina jiran murfin,
Kwana huɗu, ba ka kawo ba.

Ɗan Kusiri

Gobe in Allah ya kai mu, Malam. An ɗauke wuta, kashi 4 ya rage a wayar.

Alaramma Mai-Aruli

"Baba ya ba ni igiya, ban roƙa ba." Malama 'Yar Gidar, tunda ke ce mai sikeli, auna mana wannan.