Wakilai biyu kacal ga Abuja, adalci ne?

Baban Amira: Salam jama'a. Ni dai maganata ɗaya ce, an zalunci Abuja a Majalisar Wakilai. Kujeru 360 ake da su amma biyu kacal aka ba mu, ɗaya AMAC, wato ƙaramar hukumar cikin birnin Abuja, da Bwari, ɗayar kuma Abaji, Gwagwalada, Kuje da Kwali. Ku duba mutanen Kubwa da Nyanya da Lugbe da Gwarinpa, wai duk mutum ɗaya ne ke magana da yawunsu, haba

Alhaji na Garki: Baban Amira zalunci ya yi nauyi. Da yawan jama'a ake rabon, shi ya sa Kano ke da 24, Legas 24, Kaduna 16. Kuma cunkoson nan da kake gani da asuba a hanyar AYA ai daga Mararraba da Masaka suke shigowa, can Nasarawa suke kwana can suke zaɓe, wasu kuma Suleja. Mu ɗin ma da zaɓe ya matso sai tashar Jabi ta cika kowa ya nufi garinsu

Maman Khalifa: Alhaji da girmanka amma yawan jama'ar wace shekara? Taswirar mazaɓun nan tun zamanin soja aka zana ta, kafin 1999, lokacin Lugbe rabinta daji ne. Sashe na 73 na kundin tsarin mulki ya ɗora wa INEC sake duba iyakokin mazaɓu amma shiru, ƙidayar ma tun 2006 ba a sake ba. Bayelsa biyar gare ta fa

Ɗan Jos: Hajiya ta yi gaskiya, ba ku kaɗai ba ne. Mu a Filato takwas ne, Wase ita kaɗai kujera guda, amma Jos ta Arewa duk cikarta an haɗa ta da Bassa. Sai dai matsalar ita ce 360 ɗin nan a rubuce take a sashe na 49, in za a ƙara muku dole a cire wa wata jiha, to wa zai yarda? In kuma adadin za a canza sai kashi biyu bisa uku na majalisun biyu sun amince sannan majalisun jihohi 24

Alhaji na Garki: Ni wallahi ragewa ma ya kamata a yi, ga sanatoci 109 ga waɗannan, ga motoci ga alawus, talaka na fama da kuɗin mota

Baban Amira: Alhaji kuɗin da suke ci ni ma yana min ciwo amma ka tuna mu ba mu da gwamna, ba mu da majalisar jiha, minista ake naɗo mana. Majalisar Tarayya ce ke yi wa Abuja doka, ita ke amincewa da kasafinmu. Ɗan Kano in wakilinsa ya yi barci yana da ɗan majalisar jiha da zai je wa, mu kuwa ranar da aka shafa jan fenti a shagunan unguwarmu aka ce za a rushe mun rasa ƙofar da za mu ƙwanƙwasa. Sanata ɗaya, wakilai biyu, shi ke nan

Maman Khalifa: Kuma mutum 358 da ba mu zaɓa ba su ke yanke mana nawa za a kashe a asibitocinmu da makarantun yaranmu

Alhaji na Garki: Wannan na karɓa, amma maganinsa a ba Abuja majalisarta, ba ƙarin kujera a zauren can ba

Ɗan Jos: Ko wanne ne Alhaji sai an taɓa kundin, kuma su ɗin ne dai za su kaɗa ƙuri'ar