Ƙofar fitsarin yarona a sama take, don Allah masu sani ku taimaka

Salam jama'a, wallahi kaina ya kulle. Yarona wata 7, tun haihuwa muka lura ƙofar fitsarinsa ba a bakin gaba take ba, a bayan al'aurar ta sama take kusa da mara, kuma gaban ya ɗan lanƙwasa sama. Likita ya ce sunan abin efisfadiyas, ba irin wanda aka fi gani ba mai ƙofa ta ƙasa, wannan ba kasafai ake samunsa ba.

An yi sikanin ƙoda lafiya lau, sai hoton da ake zura siririn bututu a zuba ruwa a mafitsara ya nuna fitsari na ɗan komawa sama wajen ƙodar hagu, aka ɗora shi kan maganin kariya daga infekshan, aka ce kar a yi kaciya tukuna.

Inda na maƙale, likita ɗaya ya ce a yi tiyata kafin ya shekara, wani ya ce a jira a ga girman mafitsarar. Ni kuma kullum famfas a jiƙe, ɗiga yake ba tsayawa, har cinyarsa ta fara saɓulewa. Gyaran farkon zai tsayar da ɗigar ne ko sai an sake wata tiyatar a wuyan mafitsara in ya girma? Wa ya taɓa shiga wannan halin?