Kunu ga jariri ɗan wata 5 da mai gyambon ciki

Assalamu alaikum iyaye mata, don Allah ku ba ni shawara. Yarona wata 5 gare shi, kwana biyun nan sai tsotsar hannu da kukan dare. Surukata ta ce in dama masa kunun gero mai ruwa-ruwa, a wajen awo kuma an ce nono zalla sai ya cika wata 6. Na rasa maganar wa zan bi.

Ita ma Hajiyar gyambon ciki ke damunta. Da ta sha koko, ƙirjinta ya ɗau zafi har ta kasa barci. Tsamin gasarar ne, ko citta da kanumfarin da nake sawa? Kunun gyaɗa marar yaji zai fi karɓarta?