Na goge hotuna kusan 2,000 amma kwamfutar ba ta daina jan ƙafa ba. Wai mene ne "memori"?

Malam Mai Alli:

Assalamu alaikum jama'a. A yi haƙuri da tsoho. Shekara 33 na yi ina koyar da lissafi, amma wannan na'ura ta mayar da ni ɗan aji ɗaya.

Babban ɗana ne ya bar mini tsohuwar kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, mai Windows 10. In na kunna ta, sai na karance shafin jarida guda kafin ta farka. In kuwa na buɗe Word da Chrome tare, linzami ya daskare, ɗan zoben nan ya yi ta juyi kamar ba zai tsaya ba. Wani maƙwabcina ya leƙa ya ce memori ne ya cika. Na zauna na goge hotuna kusan 2,000, har da na jikokina, abin da ke ci mini rai har yanzu. Ko gezau kwamfutar ba ta yi ba.

A jikinta akwai takarda manne, an rubuta 4GB, an kuma rubuta 500GB. Wanne ne memorin? Sannan 500 ɗin nan, in na duba a ciki kusan 465 nake gani. Ina 35 suka shiga? Malamin lissafi ba ya yafe ragowa.

Ɗan Gyara:

Wa alaikumus salam Baba. Kafin komai, kada ka zazzage kwandon shara da ke fuskar kwamfutar, wanda aka rubuta wa Recycle Bin. In ba ka zazzage shi ba, hotunan jikokinka suna nan ciki. Buɗe shi, ka zaɓe su, ka danna maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Restore, kowane hoto zai koma inda yake da. Wato ma ko wuri ba ka samu ba da gogewar nan, domin abin da ke kwandon yana nan zaune a kan faifai.

Maƙwabcinka bai yi ƙarya ba, amma ya bar ka a tsakiyar hanya. Abu biyu mutane ke kira memori, kuma ba su haɗa hanya ba. Tunda malami ne kai, bari in yi maka da aji.

500GB ɗin nan faifan ajiya ne. Shi ne kabad ɗin littattafai da ke bayan aji. Hotuna, wasiƙu, manhajoji, har Windows kanta, a nan suke kwana, ko an kashe kwamfuta suna nan.

4GB ɗin kuwa shi ne RAM, kuma shi ne allon aji. Duk abin da kwamfuta ke aiki da shi a wannan lokacin sai ta kwafo shi daga kabad ta rubuta a allo, saboda karatu daga allo ya fi sauri nesa ba kusa ba. Da an kashe ta, allo ya goge tas. Shi ya sa in wuta ta yanke ba ka adana wasiƙa ba, sai ka neme ta ka rasa: a allo kawai take, ba ta shiga kabad ba.

To ka tuna ranar da aka ba ka aji mai ƙaramin allo, ga doguwar tambaya. Ka rubuta rabi, ka jira yara su kwafa, ka goge, ka ci gaba, wani ya ce a koma baya, ka sake rubutawa. Abin da kwamfutarka ke yi ke nan. Windows kanta ta cinye wani babban kaso na 4GB ɗin tun ba ka buɗe komai ba. Chrome ya zo, Word ya zo, allo ya cika, sai ta fara kai wasu abubuwa faifai tana dawo da su. Wannan kai-komon shi ne zoben da kake gani. Rage littattafan kabad ba ya faɗaɗa allo. Sai dai in faifan ya cika maƙil, nan kam yakan jawo nauyi, amma ban zaci naka ya kai haka ba.

Kada ka yarda da ni haka kawai. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai fito. Shiga Performance ka dubi Memory lokacin da take jan ƙafar, ka gaya mana abin da ka gani.

Batun 35 kuwa, ba wanda ya cuce ka, mudu ne biyu. Masu ƙera faifai suna ƙirga gigabait ɗaya, wato GB ɗin nan, a matsayin bait 1,000,000,000 (bait shi ne ɗan ƙaramin ma'aunin ajiya). Windows kuma da 1,024 take ninkawa sau uku, wato 1,073,741,824. Raba 500,000,000,000 da wannan ka gani. Na bar maka aikin gida.

Maman Ihsan:

Malam sannu da ƙoƙari. Ni ba gwana ba ce, amma na sha irin wannan. Shafuka nawa kake bari a buɗe a saman Chrome? Ni ƙanwata ta ƙirga nawa ta samu 27, ban ma san kowane ɗaya yana cin nasa rabon RAM ba. Na ɗauka in ban kalle shi ba, ba ya nan.

Kuma na daɗe ina zaton Chrome da Google abu ɗaya ne. Ashe Chrome burauza ce, manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, kamar Firefox ko Edge. Google kuma shafin bincike ne da kake shiga ta cikin burauzar. Kamfani ɗaya ne ya yi su, shi ne ya rikita ni. Za ka iya binciken Google ta Firefox lafiya lau.

Abu Sadik:

Bayanin Ɗan Gyara ya yi, amma ban yarda a ɗora wa RAM laifin duka ba. Baba ya ce tun wajen kunnawa take daɗewa, kafin a buɗe komai. Wannan ya fi kama da aikin faifai. Tsohuwar kwamfuta mai 500GB galibi HDD ne a cikinta, faifai ne na gaske da ke juyawa, yawanci sau 5,400 a minti, da ɗan hannu mai bin sa yana karantawa. SSD kuwa, wato sabon nau'in ma'ajiyar, ba abin da ke motsi a cikinsa. Na sauya wa tawa, RAM ɗin bai canza ba, amma kunnawar da ke cin mintoci ta koma daƙiƙoƙi. In ɗaya za a iya yi, ni SSD zan fara. A wancan shafin na Performance, in ka ga Disk ya maƙale a kashi 100, ka kama ɓarawon.

A kuma bincika kafin a sayi RAM, don wasu kwamfutocin an liƙa shi a jikin injin, ba ya ƙaruwa.

Wani abu da ya fi damuna: Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin da ta saba bai wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kwamfutar za ta ci gaba da aiki, amma batun gyaran tsaro ya kamata ɗanka ya duba maka, musamman in kana shiga banki da ita. Windows 11 na neman RAM 4GB da ajiya 64GB a mafi ƙaranci, amma tana da wasu sharuɗɗan da tsofaffin injina da yawa ba sa cikawa.

Ɗan Gyara:

Gaskiyarka Yaya, na tsallake batun kunnawar. Baba, a Task Manager ɗin ka leƙa Startup, manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta ne ba tare da an gayyace su ba. Waɗanda ka gane kuma ba ka buƙata, ka kashe su. Wanda ba ka gane ba, ka bar shi.

Malam Mai Alli:

Allah ya yi muku albarka. Hotuna sun dawo, 1,963, na ƙirga. Uwargida ba ta ma san sun taɓa tafiya ba, kuma ina roƙon kada wanda ya gaya mata.

Aikin gida: 465.66. Na karɓi maki na.

Memory na nuna kashi 91, Disk kuma 100, ya ƙi sauka, don haka ku biyun kun ci. Maman Ihsan, nawa shafukan 19 ne, ban kai ki ba. Na rufe su saura 3, zoben ya ragu sosai. Na aika wa yaron saƙo kan SSD, ya ce zai duba lambar kwamfutar tukuna.

Saura ɗaya. Jiya alamar waifai ta cika taf, amma burauza ta ce babu intanet. Ni na ɗauka waifai shi ne intanet.

Maman Ihsan:

A'a Malam. Waifai tsakanin kwamfutarka da rauta ne kawai, akwatin nan mai 'yan fitilu. Cikar alamar na nufin kana kusa da ita. Ita rautar ce ke ɗauko intanet daga kamfanin da kake biya, in data ta ƙare ko layinsu ya faɗi, alamar za ta cika amma ba abin da zai buɗe. Fara duba ko datar ta ƙare. In da saura, cire rautar daga wuta, ka ƙirga 30, ka mayar.